Lanƙwasar azzakari: tambayoyin da maza ke yi a ɓoye kan allura, tiyata da sauran hanyoyin magani

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa daga bakin mazan da matsalar lanƙwasar azzakari ta sama, wani lokacin ma uwargida ce ke zuwa da tambayar don maigidan ya kasa buɗe baki. Da yawa sai an sha kewaye-kewaye, "wani abokina ne", "wani ƙanina ne", kafin a iso kan maganar. Na fahimta, abu ne mai nauyin faɗa a wajenmu, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan kira komai da sunansa. Na sa lamba a tambayoyin saboda wata amsar tana jingine da wata.

1. Nawa tun ina saurayi a ɗan karkace yake, ni ma cutar ce kenan?

Ba lallai ba. Maza da yawa nasu ba ya tsayawa ɗoɗar in ya miƙe, yana ɗan kallon hagu ko dama ko sama, haka Allah Ya halicce su kuma ba abin da yake hana su. Irin wannan na haihuwa ne, yawanci lokacin balaga mutum ke lura da shi, ba zafi, ba wani ƙulli in ka taɓa, kuma ko shekara goma aka yi yana nan yadda yake. In bai hana ka saduwa ba kuma iyali ba ta kuka da shi toh ka bar shi kawai.

In kuma ta haihuwar ta yi yawa har tana hana shiga, wadda galibi ƙasa take kallo, maganinta tiyata ce, duba tambaya ta 15. Allura ba ta yi mata komai saboda babu tabon da za a narkar kamar a wadda take zuwa daga baya (tambaya ta 2), ka riƙe wannan da kyau kar wani ya karɓe maka kuɗi a banza.

2. To wadda take zuwa daga baya fa, mece ce ita?

Ita ce likitoci ke rubutawa cutar Peyronie, ana furta sunan kamar Feroni. Sunan wani likitan fiɗa ne na sarkin Faransa Luwi na 15 wanda ya yi bayaninta a 1743, ka ga ba sabuwar cuta ba ce. A cikin azzakari akwai bututu biyu masu kama da soso, su ke cika da jini lokacin miƙewa, kuma an naɗe su da wata riga mai ƙarfi amma tana jawuwa kamar roba, ana ce mata tunika. Abin da ke faruwa shi ne tabo mai tauri ya fito a jikin wannan rigar. Ka ɗauki tiyub ɗin keke da aka liƙa wa faci mai kauri a gefe ɗaya, in ka buga masa iska ko'ina zai buɗe banda wajen facin, sai ya tanƙware ta can. Haka abin yake, duk inda tabon yake can azzakari zai karkata, kuma mafi yawa sama yake yi wajen ciki.

Ba lanƙwasa kaɗai take kawowa ba. Wani tsakiyar ne zai tsuke kamar kalangu, wani gefe ɗaya ya lotsa, wani tsawon ya ragu, wani kuma ƙarfin miƙewar ne zai ja baya musamman daga wajen tabon zuwa kai. Ta fi kama masu shekara 40 zuwa 70 amma matasa ma na samu. Kuma ba kai kaɗai ba ne, wani bincike a birnin Kolon na Jamus a 2001 ya samu wajen kashi 3 cikin 100 na maza, wani a Amurka a 2004 da likitoci suka duba da hannu ya samu kusan kashi 9.

3. Me ke kawo ta? Sanyi ne, ko basir, ko dai hannu aka sa min?

Ba sanyin mara ba ne, ba basir ba ne, kuma don Allah kar ka ɗora wa uwargida ko amarya zargin asiri, gidaje sun rikice a kan wannan zargin alhali abu ne da ake taɓawa da hannu a gani a sikanin. Abin da likitoci suka fi tsayawa a kai shi ne ƙananan rauni da ake ji lokacin saduwa, ya lanƙwashe ko ya zame ya bugi ƙashi, musamman in miƙewar ba ta cika ƙarfi ba, sai jikin wasu mutanen ya warkar da raunin da tabo mai yawa fiye da kima. Mafi yawa ba sa ma tuna ranar da abin ya faru.

Akwai abubuwan da suke tafiya da ita: ciwon suga, hawan jini, shan taba, tiyatar cire furostet (wani ƙullin nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), da gado. Wasu za ka ga suna da irin wannan taurin a tafin hannu har yatsa ya ƙanƙance ya ƙi miƙewa, ana ce masa Dufitiren, 'yan'uwan juna ne. Istimna'i a karan kansa ba shi ke kawo ta ba, amma murɗa da matsa da ake koyarwa a intanet wai don ƙarin girma suna ji wa tunika ciwo sosai. Masu sikila kuma da ke samun miƙewar da ta ƙi kwanciya na awoyi, ita ma tana barin tabo a ciki ya canza siffa, nasu likita zai duba daban.

4. Kansa ce? Zan shafa wa matata? Za ta hana ni haihuwa?

A'a duka ukun. Ƙullin ba kansa ba ne kuma ba ya rikiɗa ya zama kansa, ba ƙwayar cuta ba ce balle a ɗauka, kuma maniyyi a maraina ake yinsa ba ruwansa da tabon. Inda haihuwa ke shiga matsala shi ne in saduwar ce ta gagara gaba ɗaya.

5. In na yi haƙuri na ƙyale shi zai miƙe da kansa?

Nan ne ya kamata ka gane cewa cutar zango biyu ce, don kusan duk shawarar magani a kansu take. Zangon farko tabon na kan haɗuwa, akwai zafi in ya miƙe, kuma siffar na canzawa wata bayan wata, wannan yakan ɗauki wata 6 zuwa 18. Zango na biyu zafin ya tafi, lanƙwasar ta tsaya cak ba ta ƙaruwa ba ta raguwa.

Zafin kam kusan kowa yana tafiya da kansa. Lanƙwasar ce ba kasafai ba. A wani bincike na 2006 an bi maza 246 da ba su yi magani ba na tsawon shekara, kashi 12 ne kawai suka samu sauƙi, kashi 40 abin ya tsaya yadda yake, kashi 48 ya ƙaru. Shi ya sa raina ke ɓaci in mutum ya zo bayan shekara biyu ya ce ai yana jira ne ya ga ko zai koma, watannin farkon nan su ne lokacin da na'urar ja (tambaya ta 14) da kula da yadda ake saduwa (tambaya ta 17) suka fi amfani.

6. Wane likita zan gani, kuma me zai yi min?

Likitan mafitsara, wanda ake ce wa yurolojis. Ana samunsu a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Jami'ar Maiduguri, a Nijar kuma asibitin Lamorde na Yamai da babban asibitin Damagaram. Zai tambaye ka yaushe ya fara, akwai zafi ko babu, kana iya saduwa ko ba ka iyawa, sai ya taɓa ya ji tabon ya auna tsawo. Zai taimaka sosai in ka ɗauki hoto a gida lokacin da ya miƙe, ɗaya daga sama ɗaya daga gefe, ka nuna masa a wayarka da hannunka sannan ka goge, kar ka tura wa kowa ta WhatsApp.

Kafin allura ko tiyata yakan yi maka wata ƙaramar allura a asibiti da za ta sa ya miƙe, a auna digirin lanƙwasar da ma'auni, wani lokacin a haɗa da sikanin don a ga gudun jini da ko tabon ya daskare ya zama kamar ƙashi. In ka koma gida miƙewar ta kai awa 4 ba ta kwanta ba ka koma asibiti a take.

7. Ita wannan allurar da ake magana, irin ta ƙarfin maza ce?

Sam ba ɗaya ba ne kuma mutane na rikita su. Allurar ƙarfin maza cikin soson ake yinta don jini ya cika, ba ta gyara lanƙwasa, yawan yinta ma kan bar tabo. Wadda muke magana cikin tabon kansa ake soka ta lokacin da azzakari yake kwance, likita zai kama tabon da yatsu ya shigar da maganin a cikinsa don ya yi laushi ko ya narke. Sau da yawa ana yi wa wajen allurar kashe zafi tukuna. Guda uku aka fi sani: kolajenes (tambaya ta 8 zuwa 11), sai berafamil da intaferon (tambaya ta 12).

8. Yaya allurar Xiaflex take aiki, kuma sau nawa ake yi?

Xiaflex sunan kasuwa ne na kolajenes, wani sinadari da ake samu daga wata ƙwayar bakteriya wanda aikinsa cinye zaren kolajin, shi ne abin da tabon ya ginu da shi. An fara amincewa da shi a Amurka a 2010 don taurin tafin hannun nan da na ambata a tambaya ta 3, sai a Disambar 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi don cutar Feroni, shi ne maganin farko da ya samu wannan izinin.

Zagaye-zagaye ake yi. A zagaye ɗaya allura biyu ce, kowacce miligiram 0.58, tsakaninsu kwana 1 zuwa 3, bayan ta biyun da kwana 1 zuwa 3 sai ka dawo likita ya ja ya tanƙwara azzakari a hankali zuwa ɓangaren da ba can ya karkata ba don tabon da ya yi laushi ya saki. Daga nan aikin gida ne na sati 6, kana jansa a hankali sau uku a rana yana kwance, daƙiƙa 30 kowane ja, in kuma ya miƙe da kansa ka daidaita shi a hankali sau ɗaya a rana matuƙar ba zafi. Sai a sake zagaye, har zuwa huɗu, wato allura 8 kenan in an cika, kusan wata shida ana abu ɗaya. In lanƙwasar ta sauko ƙasa da digiri 15 ana tsayawa.

Aikin gidan nan ba ƙari ba ne, rabin maganin ne. Wanda ya san ba zai iya juriyar yinsa kullum ba gara ya faɗa wa likita tun farko.

9. Tsakani da Allah, tana miƙar da shi gaba ɗaya?

Ba ta yi, kuma duk wanda ya ce maka tana yi bai faɗa maka gaskiya ba. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka dogara da su, IMPRESS na ɗaya da na biyu, an yi su kan maza 832 masu lanƙwasa tsakanin digiri 30 zuwa 90. Waɗanda aka yi wa maganin sun samu ragin wajen digiri 17 a matsakaici, kashi 34 cikin 100 kenan, waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki kuma sun samu wajen digiri 9. Wato mai digiri 50 zai iya dawowa wajen 33. Ka lura da masu allurar banzan nan ma sun samu wani abu, su ma an yi musu jan da tanƙwarawar.

Kar kuma ka raina digiri 17. Ga wanda saduwa ta gagare shi ko matarsa ke jin zafi, wannan ragin zai iya zama bambancin iyawa da rashin iyawa, kuma ba a yanka shi ba, tsawonsa bai ragu ba. Amma mai digiri 80 da yake son ya koma kamar da, allura ba za ta kai shi can ba, ya karanta tambaya ta 15. Wasu kuma ana gama zagaye huɗun ba wani canjin kirki, wannan ma yana faruwa.

10. Waye ya dace da ita, waye bai dace ba? Kuma wace illa gare ta?

Wanda ya dace shi ne mai tabon da ake ji da hannu, lanƙwasa digiri 30 ko sama, miƙewarsa da ƙarfi ko da da taimakon ƙwaya ne, kuma cutar ta tsaya. Ba a yinta in tabon ya shafi bututun fitsari. Masu lanƙwasa zuwa ƙasa da masu tabon da ya daskare sosai ba a sa su a gwajin IMPRESS ba. Mai shan maganin tsinka jini lallai ya faɗa.

Illa kam kusan kowa zai ga kumburi da taruwar jini, wajen ya yi baƙi-baƙi har zuwa mara da maraina, da zafi na wasu kwanaki, yana ba da tsoro amma yakan baje cikin sati biyu. Babbar illar da ake gudu ita ce tunika ta yage, wato karayar azzakari, mutum uku ta sama a gwajin kuma sai da aka yi musu tiyata. Saboda ita ne aka hana saduwa da duk wani wasa tsakanin allura ta farko da ta biyu da kuma aƙalla sati 4 bayan ta biyun, kuma a Amurka sai likitan da ya yi horo na musamman ake bari ya yi ta. Alamomin karaya suna tambaya ta 18.

11. Ana samunta a nan? Nawa ne kuɗinta?

Wannan ita ce amsar da ba na jin daɗin bayarwa. A Turai ana sayar da ita da sunan Xiapex, amma an janye ta daga kasuwar can a farkon 2020, ba don wata illa ba, lissafin kasuwancin kamfani ne. Yanzu kusan a Amurka kaɗai ake samunta, kwalba ɗaya dubban daloli ce, ga shi har takwas ake buƙata, su ma can inshora ce ke ɗauke wa mutane. Don haka in wani a kemis ko a Facebook ya ce maka yana da Xiaflex a farashi mai sauƙi zai yi maka a ɗaki, wallahi ka gudu. Ko na gaske ne, in aka soka shi ba daidai ba lafiyayyen naman zai ci.

Mai shirin fita Masar ko Indiya saboda wannan matsala ya tambayi asibitin tun yana gida ainihin sunan allurar da za su yi masa da adadin zuwan da zai yi, don ba abu ne na sati ɗaya a dawo ba.

12. Berafamil da intaferon fa, suna aiki?

Berafamil, wanda a kwali za ka ga an rubuta verapamil, asalinsa maganin hawan jini da bugun zuciya ne, aka ga a ɗakin gwaji yana rage yadda jiki ke gina tabo. Yadda aka saba yi shi ne miligiram 10 a cikin ruwan gishirin asibiti mililita 10, duk sati biyu, har sau 12, wata shida kenan. Yana da arha kuma illarsa kaɗan ce, ɗan kumburi, jiri, tashin zuciya. Matsalar ita ce hujjar amfaninsa ba ta da ƙarfi, wasu binciken sun ga sauƙi wasu ba su ga bambanci da ruwan gishiri zalla ba. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka a ƙa'idojinta na 2015 ta ce ana iya gwadawa amma a faɗa wa mara lafiya raunin hujjar. A ganina in likitanka ya kawo shi a zangon farko, ya haɗa maka da na'urar ja, kuma bai yi maka alkawarin miƙewa ɗoɗar ba, toh ba laifi. Man berafamil na shafawa kuma ba ya ratsa fata ya kai ga tabon yadda ake so.

Intaferon alfa-2b hujjarsa ta ɗan fi, a gwajin 2006 an yi shi duk sati biyu har sau 6, ya rage wajen digiri 13 yayin da ruwan gishiri ya rage ƙasa da 5, ya kuma taimaka wa zafi. Sai dai yana sa zazzaɓi da ciwon jiki kamar mura na kwana ɗaya ko biyu bayan kowace allura, ana shan farasitamol ko ibufurofen a rage.

Akwai kuma allurar hayaluronik da aka fi gwadawa a Italiya, da allurar ruwan jinin mutum da ake ce wa PRP, da ta ƙwayoyin halitta na asali, waɗannan duk suna matakin gwaji ne har yanzu ko da wasu asibitocin kuɗi na tallarsu da tsada. Allurar siteroyid cikin tabon kuma an daina ba da shawararta, tana sirantar da nama ta wahalar da tiyata daga baya.

13. Ba ƙwayar sha da za ta yi? An ce min bitamin E, wani kuma ya ce na gargajiya

Babu ƙwayar da aka tabbatar tana miƙar da lanƙwasa. Bitamin E an daɗe ana bayarwa tun shekarun 1940 amma da aka gwada shi da kyau bai fi ƙwayar banza da ba magani a cikinta ba, ƙa'idojin 2015 ɗin nan ma cewa suka yi kar a bayar da shi, haka tamoksifen da man kifi. Kolcisin, Potaba da fentoksifilin wasu likitoci na rubutawa amma hujjar ba ta taka kara ta karya ba. Ƙwayoyin da ke da wurinsu biyu ne: maganin zafi irin ibufurofen a zangon farko, in ba ka da olsa ko ciwon ƙoda, da tadalafil ko sildenafil in miƙewa ta yi rauni, don azzakari mai ƙarfi bai cika lanƙwashewa ya sake jin ciwo ba.

Na gargajiya kuma, tsimi ko gari ko man shafawa ba sa narkar da tabon da ke ƙarƙashin fata. Abin da na fi tsoro shi ne tsaga, ƙaho, ɗaurin karan ɗori da man da ke ƙona fata, waɗannan sabon tabo suke ƙarawa kan tsoho. Addu'a kam a dage da ita, ba ta hana zuwa asibiti.

14. Na'urar ja da famfo da ake talla, gaskiya ne?

Na'urar ja tana daga cikin abin da na fi ba wa muhimmanci don ba yanka ba allura, kuma ana iya farawa tun zangon farko. Tana riƙe kan azzakari ta ja shi a hankali na wani lokaci kullum. Tsofaffin irin su Andropenis da PeniMaster awoyi da yawa ake sawa a rana shi ya sa mutane ke gajiya. RestoreX da aka ƙirƙiro a asibitin Mayo na Amurka minti 30 zuwa 90 ne a rana, a gwajin 2019 bayan wata 3 ta rage wajen digiri 12 ta ƙara wajen santimita 1.5, sai dai ka sani wanda ya ƙirƙiro ta yana cikin masu binciken. A nuna wa likita kafin a fara, kuma in kan ya yi sanyi ko ya dushe ko ya mutu a cire nan take.

Famfon iska hujjarsa ba ta kai ta na'urar ja ba amma yana taimaka wa wasu. Na'urar bugun sauti da ake ce wa shokweb tana rage zafi kawai, ba ta gyara lanƙwasa, kar ka biya kuɗi da wannan niyyar.

15. Yaushe ake tiyata kuma iri nawa ce?

Tiyata ita ce ta fi komai miƙar da shi, amma ba a yinta sai cutar ta kai aƙalla shekara ɗaya kuma ta tsaya cak wata 3 zuwa 6 ba zafi ba canji. Sauri ya haifi nawa a nan, in aka yi tabon na kan haɗuwa zai sake karkacewa bayan aikin. Sannan sai lanƙwasar tana hana saduwa ko tana wahalar da ita, ba don kyan gani kawai ba.

Iri uku ce. Ta farko ɗinki ne a dogon ɓangaren, a tattare shi ya zo daidai da gajeren, irin aikin da likita Nesbit ya fara a 1965 da waɗanda suka biyo bayansa. Ita ce mafi sauƙi da ƙarancin haɗari ga miƙewa, ta dace da mai ƙasa da digiri 60 da mai ta haihuwa, amma tsawon zai ɗan ragu kuma wani yana jin ƙullin zaren. Ta biyu a tsaga tabon a buɗe gajeren ɓangaren a yi masa faci, wannan ta masu sama da digiri 60 ce ko masu tsukewar kalangu, tana kiyaye tsawo amma haɗarin raunin miƙewa da mutuwar jin kai ya fi yawa, shi ya sa sai mai ƙarfin miƙewa sosai ake yi wa. Facin ana iya ɗaukarsa daga jikinka, jijiyar ƙafa ko fatar cikin kumatu, ko na kamfani da ake yi da tantanin zuciyar saniya, akwai kuma na hanjin alade, don haka Musulmi ya tambaya kafin a shiga ɗakin aiki.

Ta uku ta wanda lanƙwasa ta haɗu masa da rashin miƙewar da ƙwaya ba ta yi wa magani, a dasa masa roba a ciki, akwai mai lanƙwasuwa akwai mai famfo, a miƙar da shi a lokaci ɗaya. Tana da tsada kuma ba a komawa baya, mai ciwon suga sai sugansa ya daidaita saboda gudun ƙwayar cuta. Duk wadda aka yi, wajen sati 6 ake ɗauka kafin a koma shimfiɗa.

16. Tsawon da na rasa zai dawo?

Ba duka ba, gara ka ji tun yanzu. Na'urar ja ce ke ɗan dawo da wani abu, allura ba ta ragewa ba ta ƙarawa sosai, ɗinki kuma ragewa yake. Ka sa likita ya auna ya rubuta kafin a fara komai, don mutane da yawa suna ɗora wa tiyata ragin da cutar ce ta riga ta yi.

17. Mu daina saduwa ne kafin a yi magani? Kuma me zan ce wa iyalina?

Ba sai kun daina ba in ba zafi mai yawa, banda lokutan da likita ya hana bayan allura ko tiyata. A yi amfani da man santsi na kemis, a shiga a hankali da taimakon hannu, a guji kwanciyar da nauyinta zai hau kansa ko wadda za ta tanƙwara shi, kuma in miƙewar rabi-rabi ce kar a tilasta.

Maganar iyali kuma, ɗan'uwa ka faɗa mata. Abin da ke faruwa shi ne maigida ya fara ƙaurace wa ɗaki saboda kunya, ita kuma ta ɗauka ya daina sonta ko aure zai ƙara, sai ƙaramar matsala ta zama babba, in mata biyu ne ma abin ya fi haka rikicewa. Bincike ya nuna kusan rabin masu wannan cuta na shiga damuwa mai tsanani, don haka in barci ya ƙaurace maka ko komai ya fita ranka ka faɗa wa likitan, wannan ma ana maganinsa. Ke kuma 'yar'uwa in kina jin zafi lokacin saduwa ki faɗa, likita na buƙatar wannan bayanin wajen yanke shawarar ko a yi aiki ko kar a yi, in da hali ma ku je tare.

18. Ana cikin saduwa na ji ƙara "ƙas", ya kwanta nan take ya kumbura, in jira zuwa safe?

Kar ka jira. Wannan alamar karayar azzakari ce, tunika ta yage: ƙara, zafi, miƙewa ta faɗi lokaci ɗaya, kumburi ya yi baƙi ya karkace gefe, wani ma jini na fita ta wajen fitsari ko fitsarin ya ƙi fita. Ko kana kan allurar tambaya ta 8 ko ba ka taɓa yinta ba, hukuncin ɗaya ne. Ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora, kar ka ci kar ka sha komai saboda maganin barcin da za a ba ka in za a yi maka ɗinki, kar a kai ka wajen mai ɗori, ka tafi sashen gaggawa na babban asibitin da ke da likitan mafitsara a daren, ka faɗa musu abin da ya faru yadda ya faru. Ɗinkin da aka yi cikin awa 24 yawanci yana warkewa lafiya, wanda aka bari a gida kuwa shi ke dawowa bayan watanni da lanƙwasa da raunin miƙewa.